Yadda ake saita walat ta na'ura da tsare kuɗin kirifto a cikinta

Mafi yawan masu riƙe da kuɗin kirifto a Kano, ko ɗan kasuwar da ke biyan abokan hulɗarsa na Chaina da USDT ne, wato kirifton da darajarsa ke bin dalar Amurka, ko matashin da ke tara Bitcoin kaɗan-kaɗan, suna barin dukiyarsu ne a dandalin musayar da suka saya. Hakan yana da sauƙi, amma makullan kuɗin suna hannun kamfani, abin da ke hannun mai kuɗin kuwa alƙawari ne kawai cewa za a ba shi idan ya nema. An sha ganin yadda irin wannan alƙawari ke rushewa. A 2014 dandalin Mt. Gox na Japan ya durƙushe bayan ɓatan Bitcoin kusan 850,000, a Nuwamban 2022 kuma FTX ya rufe da kuɗin jama'a a ciki. A nan gida, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, bai janye ba sai a Disamban 2023, sannan a Maris na 2024 Binance ya daina duk wata hidima da naira. Wanda makullansa ke hannunsa, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana shi taɓa kuɗinsa.

Walat ta na'ura wata 'yar ƙaramar aba ce mai allo da maɓallai, girmanta bai wuce na filash ba ko ya ɗara kaɗan. Kuɗin ba sa zama a cikinta. Suna rubuce ne a kundin bai-ɗaya da ake kira blokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da na'urar ke ajiyewa shi ne makullin sirri da ake sa hannu da shi kafin a fitar da kuɗi, kuma tana sa hannun ne a cikinta, ba ta taɓa miƙa makullin ga waya ko kwamfuta, ko da kuwa suna ɗauke da manhajar ɓarayi. Shi kuma makullin ana samar da shi ne daga wasu kalmomi 12, ko 20, ko 24 da na'urar za ta nuna maka sau ɗaya a ranar da ka saita ta. Na'urar kamar makullin shago ce da aka yanko, kalmomin kuma su ne asalin da ake yankowa daga gare shi: idan makulli ya ɓata a yanko wani, amma wanda ya samu asalin ya yanki nasa ba tare da ka sani ba.

Saboda haka wannan aiki ba a wakilci a cikinsa. Mun saba idan mutum ya sayi sabuwar waya a Farm Centre ko Beirut Road, sai ya miƙa wa yaron shago ya buɗe masa imel, ya sauke masa WhatsApp, ya ma zaɓa masa kalmar sirri. Ba ina tuhumar masu wannan sana'a ba ne, yawancinsu mutanen kirki ne da ke neman halaliyarsu. Amma a nan duk wanda idonsa ya sauka kan kalmomin nan, ikonsa kan kuɗin daidai yake da naka, daga ranar har abada, kuma zai iya jiran shekara biyu sai asusun ya cika kafin ya kwashe. Ko ba ka ƙware da kwamfuta ba, za ka iya yin aikin da kanka idan ka bi shi a tsanake.

Sayen na'urar

Kamfanonin da suka daɗe a fagen sanannu ne. Trezor na birnin Prague a Jamhuriyar Cek ne ya fara fito da irin wannan na'ura a 2014, Ledger na Faransa kuma shi ma a shekarar aka kafa shi. Akwai BitBox na Suwizalan, da Coldcard na Kanada wanda Bitcoin kaɗai yake ɗauka. Ƙananan samfura irin su Ledger Nano S Plus da Trezor Safe 3 farashinsu bai kai dala 100 ba kafin kuɗin aikowa, kuma sun wadatar da mafi yawan mutane. Idan abin da ka mallaka na kirifto bai kai farashin na'urar ba, a ganina lokacinta bai yi ba tukuna.

Kafin ka biya, duba abu biyu a shafin kamfanin. Na farko, ko na'urar tana ɗaukar irin kuɗin da kake riƙewa a kan hanyar da kake amfani da ita, wato blokcen ɗin da kuɗin ke bi, musamman USDT ta hanyar Tron, wadda ita 'yan kasuwarmu suka fi bi kuma ba kowace na'ura ce ke karɓarta ba. Na biyu, ko za ta haɗu da abin da kake da shi. Nano S Plus, alal misali, tana aiki da kwamfuta da wayar Android ta igiya, amma ba ta haɗuwa da iPhone, sai Nano X mai Bluetooth.

Ka saya daga shafin kamfanin kai tsaye, wato ledger.com ko trezor.io, ko daga dillalin da kamfanin ya lissafa sunansa a shafinsa. Kada ka sayi ta hannu, kada ka karɓi kyauta daga wanda ba ka sani ba, kada kuma ka bi tallar wani a Facebook ko Telegram don ya rage maka naira dubu goma, domin araha ba ta ado. Idan ɗan'uwa ne zai taho maka da ita daga Dubai ko Landan, ka roƙe shi ya saya daga dillalin da aka amince da shi, ya kuma kawo kwalin a rufe. Game da adireshin da za a aiko, akwai darasin da ya kamata a ɗauka: a 2020 an kutsa rumbun bayanan abokan cinikin Ledger, aka fitar da imel kusan miliyan ɗaya, sannan aka wallafa sunaye da lambobin waya da adireshin gida na mutum kusan 272,000. Ba a taɓa kuɗin kowa ta wannan kutse ba, amma mutanen sun sha saƙonnin yaudara da barazana. Ya fi dacewa ka ba da adireshin ofis ko wurin karɓar saƙo maimakon na gidan da iyalinka ke kwana, ka kuma yi amfani da wani imel na daban.

Idan ka buɗe kwali ka tarar da kati mai ɗauke da kalmomi an riga an rubuta ko an buga su, ko takarda mai cewa ga lambar sirrin da za ka fara da ita, to ka tsaya nan. Wannan na'ura ta bi ta hannun ɓarawo, kuma yana da kwafin kalmomin yana jira. Katin da kamfani ke sakawa fanko ne, layuka ne kawai da lambobi.

Shiri da kunnawar farko

Ka ware awa ɗaya zuwa biyu da babu mai nemanka, a ɗakin da kai kaɗai ne. Shago bai dace ba, saboda masu shigowa da kuma kyamarar tsaro da yawancin shaguna ke da ita yanzu, wadda za ta iya ɗaukar allon na'urar da takardar da kake rubutu. Ka cika cajin kwamfutarka tun da wuri don kada ɗaukewar wuta ta katse ka a tsakiya. Kwamfutar kafe ko ta ofis da kowa ke taɓawa ba ta cikin lissafi. Ka tanadi biro mai kyau da katin da ya zo a kwalin, ka kife duk wayar da ba da ita kake aiki ba.

Mataki na farko shi ne sauke manhajar kamfanin, Trezor Suite ga masu Trezor, ko Ledger Wallet, wadda a da aka sani da Ledger Live, ga masu Ledger. Ka rubuta adireshin shafin da hannunka harafi bayan harafi, kada ka latsa sakamakon farko da Google ya nuna, domin sau da yawa talla ce, kuma 'yan damfara kan sayi gurbin. Ko rumbunan manhaja na manyan kamfanoni ba su tsira ba: a farkon 2021 an samu manhajar bogi mai sunan Trezor a rumbun Apple, har mutum ɗaya ya yi asarar Bitcoin 17 ta dalilinta, a 2023 kuma aka samu ta bogi mai sunan Ledger a rumbun Microsoft. Alamar da ke tona asirin irin waɗannan ɗaya ce, wato za su nemi ka rubuta kalmominka a waya ko kwamfuta. Manhajar gaskiya ba ta nema.

Daga nan ka haɗa na'urar da igiyarta. Manhajar za ta gudanar da binciken sahihanci don tabbatar da cewa na'urar ta kamfanin ce, kuma kada ka tsallake shi. Sabuwar Trezor tana zuwa babu manhajar ciki, kai ne za ka saka ta a wannan zama, don haka idan ta nuna an riga an saka, ka mayar da ita. Kowace iri ce, idan ta tambaye ka lambar sirri tun kafin ka zaɓi taka, wani ya riga ka kunna ta. Idan komai ya tafi daidai, za ta ba ka zaɓi biyu: ƙirƙirar sabuwar walat ko dawo da tsohuwa. Ka zaɓi sabuwa. Ko da kana da walat a waya irin su Trust Wallet ko MetaMask, kada ka zuba kalmominta a na'urar, domin kalmomin da suka taɓa zama a waya sun riga sun rasa tsaron da ka sayi na'urar dominsa.

Sai lambar sirri. Ledger tana karɓar lamba 4 zuwa 8, kuma idan aka yi kuskure sau 3 a jere tana goge kanta. Trezor tana karɓar har lamba 50, tana ninka lokacin jira bayan kowane kuskure, ta goge kanta bayan kuskure 16. Ka zaɓi aƙalla lamba 6, waɗanda ba shekarar haihuwarka ba ce, ba ƙarshen lambar wayarka ba, ba kuma lambar katin cirar kuɗinka ba. Aikin wannan lamba shi ne hana wanda ya tsinci na'urar ko ya sace ta amfani da ita, ba ta da wani iko a kan kalmomin.

Rubuta kalmomin

Nan ne zuciyar aikin. Na'urar za ta fara nuna kalmomi ɗaya bayan ɗaya a ɗan allonta. Mafi yawan na'urori suna bin ƙa'idar da ake kira BIP39, wadda aka gabatar a 2013, inda ake zaɓo kalmomin daga jerin kalmomin Ingilishi 2,048. Yawan hanyoyin da kalmomi 24 za su iya jeruwa adadi ne mai lambobi 78, abin da ya sa babu kwamfutar da za ta canko su. An tsara jerin ta yadda haruffa huɗu na farkon kowace kalma ba su yi daidai da na wata ba, kalmar ƙarshe kuma tana ɗauke da ɗan lissafin tantancewa da ke taimaka wa na'ura ta gane idan an yi kuskure. Sababbin samfuran Trezor kan ba da kalmomi 20 a kan wata ƙa'ida ta daban mai suna SLIP39, wadda ba kowace na'ura ke karanta ta ba, saboda haka ka rubuta sunan na'urar da yawan kalmomin a wata takarda don amfanin gaba.

Ka rubuta kowace kalma da manyan baƙaƙe a gaban lambarta, ta farko a layi na 1, ta biyu a layi na 2, har ƙarshe. Jerin yana da muhimmanci daidai da kalmomin kansu. Bayan kowace kalma ka sake duban allon ka gwada harafi da harafi, domin akwai kalmomi masu kama da juna waɗanda harafi ɗaya ne ya raba su. Kada ka fassara su zuwa Hausa, kada ka rubuta su da ajami, kada kuma ka sauya musu jeri da nufin rikita ɓarawo. Rubutun ajami ba zai riƙe ainihin haruffan kalmar Ingilishi ba, dabarar sauya jeri kuma mai ita take fara cutarwa, domin bayan shekara uku ba lallai ne ya tuna yadda ya juya su ba, balle magadansa.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne hoto. Mutum zai ce bari ya ɗauka na ɗan lokaci kafin ya samu wurin ajiya, alhali wayoyi da yawa suna tura kowane hoto zuwa Google Photos ko iCloud nan take, kuma goge shi daga waya ba ya tabbatar da ya gogu a can. Haka nan tura wa kai a WhatsApp, ko ajiyewa a imel, ko bugawa a firinta, ko karanta su da ƙarfi kusa da waya. Dokar ɗaya ce, kalmomin nan wuri biyu kawai suke zama, allon na'urar da abin da ka rubuta da hannunka. Idan ka gama, na'urar za ta yi maka 'yar jarrabawa, ta nemi ka nuna kalmomin a gurabensu. Ka amsa daga takardar, ba daga abin da ka tuna ba, domin takardar ake gwadawa.

Gwaji kafin a zuba dukiya

Mutane da yawa daga nan suke tura duk abin da suka mallaka, kuma ina ganin gaggawa ce. Ajiyar da ba a gwada ba, ba a san ko tana aiki ba. Ledger da Trezor duka suna da hanyar duba ajiya, inda za ka shigar da kalmomin a kan na'urar ta faɗa maka ko sun yi daidai, kuma wannan ya isa ga wanda ke tsoron goge na'ura. Amma na fi son cikakken gwaji, saboda yana koya wa mutum aikin da zai yi ranar da hankalinsa ke tashe.

Ga yadda ake yinsa. Ka buɗe asusun kuɗin da kake so a manhajar, ga masu Ledger sai an fara saka 'yar manhajar wannan kuɗin a na'urar. Ka latsa wurin karɓa, adireshi, wato jerin haruffa da lambobin da ake turo maka kuɗi ta kansa, zai fito a kwamfuta ya kuma fito a allon na'urar. Ka gwada su biyun daga farko har ƙarshe, sannan ka amince a kan na'urar. Ka tura ɗan abu kaɗan daga dandalin musaya, kamar na dala 10, ka jira ya shigo. Bayan haka ka goge na'urar daga saitinta, ka sake kunna ta, wannan karon ka zaɓi dawo da walat, ka shigar da kalmomin daga takardarka ta maɓallan na'urar. Idan adireshin da ya fito shi ne na ɗazu, kuɗin kuma suka bayyana, ajiyarka ta inganta. Ka kammala da mayar da wani ɓangare na kuɗin zuwa dandalin, don ka ga yadda fitarwa take.

Wajen turawa akwai tarko uku. Na farko shi ne hanya. USDT guda ce a suna, amma tana tafiya a kan hanyoyi daban-daban, kuma dole hanyar da ka zaɓa a dandalin musaya ta zama ita ce ta asusun da ka buɗe. Adireshin Tron yana farawa da T, na Ethereum da 0x, na BNB Smart Chain shi ma da 0x, wanda shi ya sa ake rikita biyun nan. Sababbin adireshin Bitcoin suna farawa da bc1, tsofaffi da 1 ko 3. Na biyu shi ne kuɗin caji: ba za ka iya fitar da USDT a kan Tron ba sai da TRX, wato kuɗin Tron na kanta, a asusun, a kan Ethereum kuma sai da nata kuɗin, ETH, don haka ka tura kaɗan daga cikinsu tun farko. Na uku shi ne sauya adireshi. Akwai manhajar ɓarayi da ke canza adireshin da ka kwafa da nasu a lokacin da kake mannawa, akwai kuma masu turo maka ɗan kuɗin da bai kai komai ba daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da naka, don wata rana ka kwafo nasu daga tarihin asusunka. Maganinsu duka shi ne ka ɗauki adireshi sabo daga wurin karɓa kowane lokaci, ka karanta shi gaba ɗaya a allon na'urar. Abin da kwamfuta ta nuna yana iya zama ƙarya, allon na'urar shi ne abin dogaro. A banki idan aka yi kuskuren tura kuɗi akwai inda za a kai ƙorafi, a nan kuwa abin da ya fita ya fita.

Inda kalmomin za su zauna

Takarda ta isa a makon farko, amma ba ta dace da ajiyar shekaru ba a garinmu. Gara tana cin takarda a cikin akwati ba a sani ba, danshin damina yana narkar da tawada, gobara kuma ba baƙuwa ba ce a Kano, duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san haka. Mafita ita ce ƙarfe. Ana sayar da faranti na musamman don wannan, amma ɗan fallen ƙarfe marar tsatsa da saitin ƙarafan buga haruffa da guduma sun wadatar. Ƙarfe marar tsatsa sai zafi ya kai wajen digiri 1,400 yake narkewa, ƙarfen gorar ruwa, wato alminiyam, kuwa a digiri 660 take narkewa, zafin da gobarar gida kan iya wucewa, don haka kada ka yi amfani da ita. Haruffa huɗu na farkon kowace kalma tare da lambarta sun isa. Ka sayo kayan ka buga da hannunka a gida. Kai wa maƙeri ko mai zanen suna a ƙarfe daidai yake da miƙa masa kuɗin.

Ka yi kwafi biyu, ka ajiye su a wurare biyu da gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ba zai haɗa ba, kuma kada ko ɗaya ya zauna tare da na'urar. Ka sa kowanne a ambulan, ka manne, ka sa hannu a kan mannin, don idan an buɗe ka gane. Duk bayan wata shida ka leƙa ka tabbatar yana nan. Wasu kan raba kalmomi 24 gida biyu su ajiye kowane rabi a wani wuri, amma wannan yana ninka haɗarin asara, domin ɓatan rabi ɗaya ɓatan duka ne. Mai son rabawa ya yi amfani da tsarin Shamir da ke cikin SLIP39, inda ake iya yin kashi uku, kowane biyu daga ciki su isa a dawo da walat, ɗaya shi kaɗai kuma ba ya amfanar wanda ya tsince shi.

Akwai ƙarin kariya da ake kira kalma ta 25, wato jimlar sirri da kai za ka ƙirƙira ka ɗora a kan kalmomin, ta buɗe wata walat dabam. Amfaninta shi ne ko an sace kalmomin, ba a kai ga kuɗin ba sai da ita. Haɗarinta kuma shi ne na'ura ba ta cewa an yi kuskure, duk abin da ka rubuta walat yake buɗewa, ko da harafi ɗaya ne ya sauya daga babba zuwa ƙarami sai ka tarar da asusu fanko, kuma babu kamfanin da zai iya tuna maka ita. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya bar ta sai ya yi watanni ya saba, don kada garin neman gira a rasa ido. Idan ya zo yi, ya rubuta ta, ya ajiye ta nesa da kalmomin, ya kuma gwada da ɗan kuɗi kaɗan.

Amfani na yau da kullum

Na'urar tana hana a sace makulli, amma ba ta hana ka sa hannu kan abin da zai cutar da kai. A Fabrairun 2025 an kwashe kusan dala biliyan 1.5 daga dandalin Bybit, ba don an sace makullansu ba, sai don masu sa hannu sun amince da abin da kwamfuta ta nuna musu alhali ainihin umarnin daban ne. Idan allon na'urarka ya nuna abin da ba ka fahimta ba, ko ya nemi izinin sa hannu kan umarnin da ba zai iya bayyana maka ba, ka ƙi. Mafi sauƙi shi ne ka mayar da ita ma'ajiya kawai, karɓa da aikawa, kada ka haɗa ta da shafukan rabon kyauta ko na alƙawarin ninka kuɗi. Don cinikin yau da gobe ka riƙe 'yar walat a waya da abin da za ka iya jure asararsa.

Babu ma'aikacin kamfani da zai kira ka, ko ya turo maka saƙo a Telegram, ko wasiƙa, yana neman kalmominka. A 2021 har na'urorin bogi aka aika wa wasu ta gidan waya da sunan canji, tare da takarda mai umartar su shigar da kalmominsu. Sabunta manhajar cikin na'ura kuwa abu ne mai kyau, amma ta manhajar kamfanin kaɗai, kuma ka tabbatar kalmominka suna kusa kafin ka fara, domin wani lokaci na'urar kan goge a wajen sabuntawa. Sai kame baki. Nuna hoton asusu a Facebook ko ba da labarin abin da ka tara a majalisa yana jawo haɗarin da babu na'urar da ke karewa. A Janairun 2025 an yi garkuwa da David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ledger, a Faransa, aka nemi fansa da kirifto.

Idan na'urar ta ɓata ko ta lalace, ka sayi wata ka dawo da walat ɗinka da kalmomin, ba lallai sai ta kamfani ɗaya ba muddin tana bin ƙa'idar da kalmominka suke kai. Idan sace ta aka yi, bayan ka dawo da walat ɗin ka kwashe kuɗin zuwa sabuwa don samun natsuwa. Idan kuwa kalmomin ne kake zargin wani ya gani, ko ka tarar an buɗe ambulan, canza lambar sirri ba ya magani. A ranar za ka samu wata na'ura, ka ƙirƙiri sabuwar walat da sababbin kalmomi, ka tura komai can.

Batun gado

Dukiyar da ke banki magada za su iya bin ta ta kotu, wadda ke walat kuwa idan mai ita ya rasu da sirrinsa babu alƙalin da zai iya buɗe ta. Haƙƙin marayu ne da mata da iyaye zai salwanta, wataƙila har da bashi ko amanar mutane da ke ciki, kuma Musulmi bai kamata ya yi wasa da wannan ba. Ka rubuta takarda da Hausa mai sauƙi, ka haɗa ta da wasiyyarka. Kada ka sa kalmomin a ciki. Ka bayyana cewa kana da kuɗin kirifto, wane iri ne kuma a kan wace hanya, wace na'ura ce, kalmomi nawa ne, a ina aka ajiye su, ko akwai jimlar sirri da inda take, da kuma abin da ke ciki na wasu idan akwai. Ka ambaci mutum ɗaya amintacce da ya san harkar wanda zai taimaka, amma ka rubuta ƙarara cewa ɗaya daga cikin magada ne zai shigar da kalmomin a na'ura da hannunsa, mai taimakon ya tsaya gefe yana faɗin matakai ba tare da ya ga takardar ba. Idan an buɗe, a rubuta abin da aka samu a gaban shaidu, a sayar ta dandalin da ke ƙarƙashin kulawar hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa, wato SEC, wadda dokar zuba jari ta 2025 ta ɗora wa sa ido kan irin waɗannan kadarori, sannan a haɗa kuɗin da sauran dukiya a raba yadda shari'a ta tsara. Duk lokacin da ka sauya na'ura ko wurin ajiya, ka sabunta takardar ka sa mata kwanan wata.